Ko A Tatsuniya Sihiri Ba Kyauta Ba Ne

 

'Yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wata tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini. Wata rana ina cikin darasin Nahawu sai na lura da shi a layin baya ya sunkuyar da kai, hankalinsa ba ya wurin fa'ili balle maf'uli. Da na matsa sai na tarar da littafin Turanci a cinyarsa, irin na labarin matsafa da aljanu da dodanni. Na karɓe, na yi masa faɗa. Bayan an tashi ya biyo ni, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya. In da a ce akwai wata duniya wadda sihiri ba haramun ba ne a cikinta, aka miƙo maka shi, ba za ka karɓa ba?"

Na ce da shi, "In an miƙo mini, nawa zan biya?" Sai ya yi murmushi ya ce ai ko a cikin littafin nan nasa matsafan biya suke yi, kuma akwai abubuwan da sihirinsu ba ya iyawa. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na riƙe littafin na karanta shi lokacin hutu, na haɗa da waɗansu irinsa, na kuma koma ga hikayoyin da muka tashi da su. Abin da na gani shi ne, mai ƙaga labari yana da 'yancin ya gina duniyarsa yadda ya ga dama, ya ba doki fiffike, ya sa dutse ya yi magana, amma da wuya ka sami gwani a cikinsu wanda ya bar sihiri a sake, ba farashi ba iyaka. To, me ya sa?

Dalili na farko na sana'a ne. In jarumi yana iya kome da ɗaga yatsa, labari ya ƙare tun a shafin farko, don ba sauran abin da zai sa zuciyar mai karatu ta buga. Wani marubucin Amurka mai suna Brandon Sanderson, wanda ya shahara a irin wannan rubutu, ya mai da wannan ƙa'ida ga masu koyo, cewa abin da sihiri ya kasa yi ya fi jan hankali bisa ga abin da ya iya. Amma ina ganin akwai dalili na biyu wanda ya fi wannan zurfi. Zuciyar ɗan Adam, ko ta mai imani ko ta maras shi, ba ta yarda da cewa akwai wani mahaluki mai iko maras iyaka, ba ta kuma yarda a sami babban abu a banza. Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. In marubuci ya saɓa wa wannan, mai karatu zai ji ƙaryar ta yi yawa, ko da yake tun farko ya san ƙarya ake yi masa.

FARASHI IRI UKU

Na lura farashin da masu labari suke ɗora wa sihiri yakan zo ta hanya uku. Ta farko ita ce buƙata ta biya, amma ta ƙofar da mutum bai zata ba. A shekarar 1902 wani Baturen Ingila, W. W. Jacobs, ya buga gajeren labari a kan wani busasshen hannun biri da wani tsohon soja ya zo da shi daga Indiya, wanda aka ce yana biyan buƙata uku. Wani dattijo ya roƙi fam 200 don ya biya bashin gidansa. Kashegari injin masana'anta ya kama ɗansa tilo ya kashe shi, masu masana'antar suka aiko da kuɗin ta'aziyya, fam 200 cif. Bayan kwana goma uwar yaron ta matsa wa mijinta ya roƙi a dawo da ɗansu. Cikin dare sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Uban, da ya tuna yadda injin ya daddatsa gawar, ya yi maza ya ɓatar da roƙo na uku a kan abin da ke bakin ƙofar ya koma inda ya fito. Buƙata uku sun ƙare, gida ya zama kango.

Hanya ta biyu ita ce bashi mai wa'adi. Mutanen Jamus suna da tsohon labarin wani masani mai suna Faust, wanda Christopher Marlowe na Ingila, da ya mutu a 1593, ya mai da shi wasan kwaikwayo. Masanin nan ya ƙoshi da ilmin da ake samu ta hanyar karatu, sai ya rubuta yarjejeniya da jininsa cewa Shaiɗan zai ba shi hadimi mai yi masa duk abin da yake so har shekara 24, sa'an nan a zo a karɓi ransa. Abin tausayi a labarin shi ne abin da ya yi da shekarun. Ya ƙare su wajen wasa da hankalin mutane da burge sarakuna, har da kawo wa matar wani basarake inabi ba a lokacinsa ba. Da wa'adi ya cika, ya zauna yana sauraron agogo yana kuka. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Hanya ta uku ita ce mafi ɓoyuwa, watau mai abu ya koma bawan abinsa. Tolkien, wani malamin jami'ar Oxford, ya fitar da dogon labarinsa na zobe a 1954 da 1955. Zoben nan yana ɓatar da mai sanye da shi daga idon mutane, kamar abin da mu muke kira layar zana, yana kuma tsawaita rai. Amma wani mai suna Gollum, wanda ya kashe abokinsa don ya mallake shi, ya yi kusan shekara 500 a cikin kogo, ya rame ya lalace, ba ya tunanin kome sai zoben. Da aka miƙa wa dattijon mai hikima na cikin labarin, ƙin karɓa ya yi, don ya san cewa sha'awarsa ta taimakon raunana ita ce ƙofar da zoben zai bi ya rinjaye shi. Har jarumin da ya sha wuyar kai zoben bakin wutar da za ta narka shi, da ya isa wurin sai ya kasa jefawa. Wannan darasi ne babba ga duk wanda ke cewa shi da kyakkyawar niyya zai shiga mummunar hanya.

INDA IKON YA TSAYA

Wannan ke nan game da farashi. Iyaka kuwa ta fi ba ni mamaki, don kusan wuri ɗaya masu labarin suke kafa ta, ko da yake ƙasashensu da zamaninsu sun bambanta.

Mu ɗauki labarin Ala'uddini da fitilarsa, wanda muka sani a cikin Dare Dubu da Ɗaya. Asalinsa wani mutumin Halab ne mai suna Hanna Diyab ya ba Antoine Galland, mai fassara na Faransa, a 1709, shi kuwa ya shigar da shi cikin littafin. Aljanin fitilar yana gina fada a dare ɗaya, amma ba shi da amana ko kaɗan, duk wanda fitila ke hannunsa shi ne ubangidansa. Ranar da matsafi ya yaudari mutanen gidan da musayar sabuwar fitila da tsohuwa, aljanin da ya gina fadar shi ne ya ɗauke ta da gimbiya a ciki. Daga baya kuma, da Ala'uddini ya nemi a rataya masa ƙwan wani ƙaton tsuntsu a tsakiyar soron, aljanin ya fusata ya ƙi, ya nuna cewa shi ma akwai na gaba da shi. Da kamfanin Disney ya mai da labarin majigin yara a 1992, sai ya ƙayyade buƙatun ga uku, ya kuma sa aljanin ya faɗi tun farko cewa ba ya kashewa, ba ya sa soyayya a zuciyar wani, ba ya ta da matacce.

Haka nan littattafan Harry Potter guda 7 da J. K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007. Matsafan ciki suna tashi sama, suna rikiɗa, amma ba su iya samar da abinci daga babu, sai dai su jawo wanda yake akwai ko su ƙara yawansa. Ba su iya dawo da matacce. Maganin soyayyarsu kuwa ruɗewa kawai yake sawa. Labarin ya nuna cewa uwar babban mugun ciki da irin wannan magani ta mallaki ubansa, ranar da ta daina ba shi ya tsere ya bar ta da ciki. Shi kuma mugun, don gudun mutuwa, ya riƙa kashe mutane yana tsattsaga ransa yana ɓoyewa, ƙarshe dai ya mutu.

Ku duba da kyau, jama'a. Arziki daga babu, da juya zuciya, da rayarwa bayan mutuwa. Waɗannan ai su ne abubuwan da muka koya tun muna makarantar allo cewa na Allah ne Shi kaɗai. Marubutan nan ba Tauhidi suka zauna rubutawa ba, amma da suka zo kafa wa ƙaryarsu shinge, hankali ya kai su daidai inda gaskiya ta kafa nata.

Mu ma a nan gida haka abin yake. Duk wanda ya saurari labarin mai layar zana ko mai maganin ƙarfe ya san ba a ba da laƙani sai da sharaɗi, kada ka ci kaza, kada ka taɓa kaza, ranar da aka saɓa kuwa magani ya karye. A cikin Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ruwan da zai warkar da ɗan sarki bai zo da ƙiftawar ido ba, sai da mai nemansa ya yi shekaru yana yawon duniya, yana shan wuya iri iri.

ABIN DA ALƘUR'ANI YA FAƊA

To, yanzu mu bar ƙage mu komo ga gaskiya. Malaman lugga sun ce asalin kalmar sihiri a Larabci shi ne abin da sababinsa ya ɓuya. Alƙur'ani mai girma bai bar mu cikin duhu a kansa ba, ya faɗi farashinsa, ya kuma faɗi iyakarsa, duka a aya ɗaya, watau ta 102 a Suratul Baƙara. Ayar ta wanke Annabi Sulaimanu daga abin da aka jingina masa, ta ba da labarin Haruta da Maruta a Babila, waɗanda ba su koya wa kowa sai sun gargaɗe shi cewa su jarrabawa ne, kada ya kafirta. Ta ambaci cewa mutane suna koyon abin da ke raba miji da mata. Sa'an nan ta kafa iyaka, cewa ba su cutar da kowa da shi sai da iznin Allah.

A matsayina na mai koyar da Larabci, abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, ƙarshen ayar da kalmomin ciniki aka zo da shi, saye da sayarwa. Wanda ya sayi sihiri ba shi da rabo a Lahira, abin da ya bayar kuwa a madadinsa shi ne kansa. Ashe abin da Marlowe ya nuna a dandalin wasa, Alƙur'ani ya riga ya faɗe shi da kusan shekara dubu.

Sauran ayoyi sun ƙara fito da iyakar. Matsafan Fir'auna, kafin su jefa kome, sai da suka tambayi ladan da za a ba su, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi, ga su da sihiri amma ga su suna roƙon albashi. Igiyoyinsu da sandunansu, in ji Suratu Ɗaha, gani kawai aka yi kamar suna tafiya, surar kuma ta yanke cewa matsafi ba ya cin nasara ko ina ya je. A Suratu Saba'i, aya ta 14, aljanu sun ci gaba da aikin wahala alhali Annabi Sulaimanu ya riga ya rasu yana dogare da sandarsa, ba su sani ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Wanda bai san abin da ke gaban idonsa ba, yaya zai san abin da zai same ka baɗi? Suratul Jinni kuma, aya ta 6, ta ce mutanen da suke neman tsari da aljanu ba abin da aka ƙara musu sai wahala da zunubi. A hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa sihiri na biyu a cikin abubuwa 7 masu halakarwa, daga shirka sai shi. Muslimu kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta masu ƙaga labari, kuma wajibi ne iyaye su gane wannan. Da yawa daga cikinsu suna raba sihiri gida biyu, fari da baƙi, su ce na kirki yana hannun mutanen kirki. Kuma a wurinsu farashin abu ne da jarumi zai iya biya, ya gaji ko ya ji rauni, ya kwana biyu ya warke, ya ci riba. A addininmu babu farin sihiri. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a cikin Muƙaddima cewa mai sihiri sai ya fuskantar da kansa ga taurari da shaiɗanu da girmamawa da ƙanƙan da kai, shi ya sa aka haɗa sihiri da kafirci. Wannan farashi kuwa tun a bakin ƙofa ake karɓarsa, kafin a ga biyan buƙata ko rashinsa. Mu'ujizar Annabawa ba ta cikin wannan lissafi, don ba koyonta ake yi ba, ba kuma sayenta ake yi ba. Haka nan maganin likita da aikin injiniya, ko sun ba jahili mamaki, sababinsu a fili yake, kowa ya yi karatu zai gane shi, ba a kuma ce ya yi wa wani yanka ba.

MU DUBI KANMU

Abin da ya fi damuna bai tsaya ga littafin da ke cinyar yaro ba. Aljanin majigin yara ya yi gaskiya ya ce ba ya iya sa soyayya, amma bokan bayan gari yana sayar wa matanmu mallaka da farraƙu. Matsafan littafi sun yarda ba su iya yin abinci daga babu, amma ga mai cewa zai ninka maka kuɗi, yana zaune a bukka yana jiran kuɗin kazarka. Wanda zai ba ka riga, ai sai ka dubi ta wuyansa. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da ta sayar da gadonta da kwanukanta don a kori kishiya. Kishiya tana nan, ita ce ta fita, ga talauci, ga nauyin abin da ta aikata tsakaninta da Mahaliccinta. Muna kuma jin labarin waɗanda kwaɗayin dukiya ko mulki ya kai su ga zub da jinin bayin Allah. Wannan shi ne hannun birin nan a zahiri. Tun fiye da shekara 200 da suka wuce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kashedi a cikin Nurul Albabi game da masu yi wa itatuwa da duwatsu yanka da masu bugun ƙasa, ga shi har yau ba mu rabu da su ba.

Sanin iyakar sihiri yana kuma maganin tsoro. Wanda ya tabbata ba abin da zai same shi sai da iznin Allah, ba zai ɗora kowane ciwon kai a kan sammu ba, ba zai ƙi zuwa asibiti ba, ba zai kuma nuna tsohuwar maƙwabciyarsa da yatsa ya ce mayya ce ba. Ya riƙe Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu safe da yamma, ya nemi magani ta hanyar halal, ya kwanta ya yi barcinsa.

Saura tambayar da iyaye za su yi, shin a bar yara su karanta irin waɗannan labarai? Akwai malaman da suka hana gaba ɗaya don toshe ƙofar ɓarna, kuma maganarsu tana da nauyi. Ni dai abin da na fahimta shi ne, ƙagaggen labari wanda mai faɗa da mai ji duka suka san ƙage ne bai zama yaudara ba. Kakanninmu in sun gama tatsuniya da bakinsu suke cewa ƙarya ce ta Gizo. Ibnul Muƙaffa'i ya fassara Kalila wa Dimna zuwa Larabci tun ƙarni na 8 na Miladiyya, dabbobi na magana a ciki. Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya kare Maƙamominsa guda 50 da wannan hujja, ga shi kuwa har yau ana karanta su a zaurukan malamanmu. Amma da sharaɗi uku. Yaro ya fara sanin Tauhidinsa kafin ya san aljanin fitila. Littafin ya zama labari ne kawai, ban da littattafan ɗalasimai da kiran rauhanai masu koyar da aikin kansa, waɗannan kam a nisance su. Sa'an nan kada ya ci lokacin salla da na karatu. In uba ya ga littafin a hannun ɗansa, ya zauna ya tambaye shi, me matsafin ya biya, me ya kasa yi, wa ke da ikon yin abin da ya kasa? Wannan hira ta fi ƙona littafi amfani, don wanda aka ƙona wa na takarda zai nemo shi a waya.

Da aka dawo hutu na mayar wa ɗalibina littafinsa. Na ce da shi, "Ka tambaye ni ko zan karɓa a wata duniya. Na duba duniyoyin da mutane suka ƙaga, ban ga inda aka ba da shi kyauta ba, ban kuma ga inda ya ta da matacce kamar yadda yake a da ba. A wannan duniyar tamu kuwa, wadda ita kaɗai za a tambaye mu a kanta, kuɗinsa imani ne, ni kuwa ba ni da wani abin da ya fi shi. Karɓi littafinka, amma kada in sake ganinsa a darasin Nahawu."

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya kare mu da zuriyarmu daga sharrin masu sharri, Ya wadata mu da halal.